Ku Tambaya Mu Amsa: Cinikin sunayen intanet, riba ce ko kwantai?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da war haka. Watan nan yawancin saƙonnin da suka shigo a kan abu guda suke, wato saye da saida sunan shafin intanet, abin nan da masu harkar ke kira domen, irin wanda ke ƙarewa da .com ko .net ko namu na gida .ne. Bidiyoyi ne ke ta yawo a TikTok da WhatsApp ana nuna ma samari wai ga kuɗi a kwance, shi ya sa na ba maganar filin wannan karon gaba ɗaya. Wasu saƙonnin na rage masu tsawo, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar Abdou Moumouni kuma ina ɗan taɓa gyaran portabul in ba mu da kur, to na samu na tara jika 150, sai na ga wani bidiyo mutumin na cewa domen kamar fili yake, ka saya jika shida ka aje bayan shekara ɗaya ko biyu ka saida miliyoyi, har ya nuna sunayen da aka saida da tsada. Don Allah gaskiya ne ko zance ne kawai, in zuba kuɗina? Daga wani ɗalibi, Harobanda, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi ma karatu albarka. Sunayen da ya nuna maka ba ƙarya ya yi ba, an saida irinsu. A 2019 an saida voice.com dalar Amurka miliyan 30, sama da miliyar 17 kenan a sefa, Facebook ya sayi fb.com hannun wata ƙungiyar manoman Amurka a 2010 dala miliyan 8 da rabi, chat.com kuma an saye shi dala miliyan 15 da rabi a 2023 kafin ya koma hannun OpenAI masu ChatGPT. Duk wannan ya faru. Abin da bai gaya maka ba shi ne irin waɗannan sunaye tun tuni aka kama su, lokacin da yawancin duniya ba su ma san mi ake ce ma intanet ba. Sunan .com na farko, symbolics.com, an yi masa rajista ran 15 ga Maris 1985, yau kuwa .com sun haura miliyan 150. Masu harafi uku jimlarsu 17,576 ne kuma babu ɗaya da ya rage ba mai shi, kalmomin Ingilishi masu nauyi ma an daɗe da kwashe su. Wanda kai za ka tarar a jika shida yau shi ne wanda dubban ƴan kasuwa da na'urorinsu suka duba suka wuce.

Maganar fili kuwa nan nake son ka tsaya da kyau. Fili in ka biya ka karɓi takardarka shike nan, mai saidawa ba zai dawo baɗi ya ce ka sake biya ba. Domen haya ce. Shekara ɗaya ka biya, in ta cika ka sake biya, ranar da ka daina an karɓe, iyakar abin da aka yarda ka biya gaba ɗaya shekara goma ne. Kuma hayar hawa take, kamfanin Verisign da ke riƙe da .com gaba ɗaya yana karɓar dala 7.85 hannun kamfanonin rajista har zuwa 2021, daga nan ya yi ƙari sau huɗu a jere, Satumban 2024 ya kai 10.26, wannan fa kuɗin sari ne, su GoDaddy da Namecheap da OVH sai sun ɗora nasu a kai. Kai dai ka ƙaddara jika bakwai zuwa sha biyu kowace shekara a kan kowane suna.

Waɗanda suka daɗe cikin sana'ar abin da suke faɗi tsakaninsu shi ne in kana riƙe da suna ɗari masu kyau, ɗaya ko biyu kake saidawa a shekara. Masu kyau fa na ce. To ɗauki bik da takarda. Suna 100 a jika takwas-takwas, 800,000 kenan kowace shekara. A ce Allah ya taimake ka ka saida ɗaya miliyan ɗaya, kasuwar da ta saida maka irin su Afternic ko Sedo za ta cire la'adarta, gwargwadon inda ka sa shi, mu ce kashi 20 cikin ɗari, saura 800,000, ka ga ka yi shekara guda ka dawo daidai inda ka taso. Jika 150 taka kuwa suna 18 za ta saya, da wancan lissafin za ka iya yin shekara uku, huɗu, biyar kana biyan haya kafin ɗaya ya fita, kuma tun shekara ta biyu ina za ka samo wata jika 150 ɗin, kana ɗalibi.

Ba na ce sana'ar ƙarya ce ba, akwai masu ci da iyalinsu da ita, amma jari take so da dogon haƙuri da sanin abin da kamfanonin Amurka da Turai da Sin ke nema, don can masu sayen suke. Ni shawarata jarinka ka bar shi a gyaran waya, ka sayi ekran da batir da kayan aiki, wannan kullum yana juyawa kana gani da idonka. In ranka na kan domen ɗin akwai shafi mai suna NameBio da ke tara farashin sunayen da aka saida, ka riƙa leƙawa kullum na wasu watanni har idonka ya saba da abin da ake saye da wanda ba a saye, sannan ka gwada da biyu ko uku, da kuɗin da in ya tafi ba zai taɓa maka kuɗin makaranta ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan Tawa ne ina da butik na kayan waya, bara na ga ana promo domen guda jika ɗaya wasu ma ƙasa da haka sai na kwashi arba'in, akwai .com akwai .xyz akwai .online akwai .shop. Yanzu shekara ta kusa cika sun aiko man da mel kuɗɗin da sunka ce in biya ya kusa jika 500, kuma har yau ko mutum guda bai taya ba. In na bari sunka tafi na yi asara, in na biya kuma ban san mi za ya faru ba. Mi ka gani? Daga wani ɗan kasuwa, Tawa.

AMSA: Barka kadai Alhaji, Allah ya buɗa kasuwa. Abin da ya same ka ya sami mutane da yawa. Arahar shekarar farko da gangan ake yin ta, kuɗin sabuntawa na nan a rubuce da ƙananan haruffa, su sun san ribarsu tana shekara ta biyu. Tun 2012 da hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet na duniya ta buɗe ƙofa aka shigo da sabbin ƙarshen suna sama da dubu, kowa na neman kiliyan, kuma wasunsu irin .online da .shop sabuntawarsu ta fi ta .com tsada nesa.

Ina so ka gyara lissafin a ranka tukuna. Asarar da kake tsoro an riga an yi ta bara, jika arba'in ce ko kusa, ko ka biya ko ba ka biya ba ba za ta dawo ba. Abin da ke gabanka yau sabon ciniki ne: in da yanzu wani ya zo butik ɗinka ya ce ga waɗannan sunaye arba'in ka saya jika 500, za ka saya? In amsar a'a ce to ka san abin yi. A wannan sana'a sakin suna rabin aikin ne, manyan da ke riƙe da dubbai kowace shekara sai sun tace sun zubar, wanda bai iya saki ba shi ne ke tashi ba uwa ba riba.

Ka zauna da jerin ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kowane suna ka tambayi kanka wa zai saye shi, ba wai wani ba, a'a ka iya rubuta kamfani goma da ke nan da ransu waɗanda sunan ya dace da aikinsu kuma suna da kuɗin biya, in ka kasa kai ko uku to wannan kwantai ne. Ka kira yaron butik ɗinka ka faɗa masa sunan da baki ka ce ya rubuta, in ya tsaya tambayarka da c ne ko da k, akwai layi a tsakiya ko babu, lamba ce ko harafi, mai saye ma haka zai tsaya. Ka duba ko akwai masu amfani da sunan nan a wani ƙarshen, misali naka .com ne kuma akwai kamfani da ke zaune a kan .net ko .co na shi, wannan alama ce mai kyau don wata rana zai so ya hau. In kuwa kai ne ke riƙe da .xyz alhali .com ɗin ma babu wanda ya kula ya ɗauka, to ba sai an faɗa maka ba. Kada kuma lambar masu ziyara da ake nuna maka ta ruɗe ka, yawanci na'urori ne ke yawo ba mutane ba. Tayi shi ne shaida, ko da ƙarami ne, mutum ya rubuto ya ce nawa.

Yayi ma ka yi hattara da shi. A 2015 ƴan kasuwar Sin suka afka ma .com masu harafi huɗu da na lambobi, farashi ya yi ta tashi kowa na saye don ya saida ma na bayansa, cikin 2016 kasuwar ta faɗi, da yawa suka tashi da tarin haruffan da ba su da ma'ana kuma ga haya na jira. Duk sunan da ka saya don kalmar na tashe bara, ka duba ko bana ana maganarta.

Ina zaton in ka tace da gaskiya ba za ka wuce uku ko huɗu ba, kuma .com ne za su rage. Sauran ka sa su kasuwa da farashi ƙasa-ƙasa a makonnin da suka rage, ko ɗaya ya fita ya rage zafi, sannan ka shiga kont ɗinka ka kashe sabuntawar da ke yin kanta a kan kowane ɗaya, wannan kada ka yi wasa da shi don in kart ɗinka na ciki da kuɗi sai dai ka wayi gari ka ga an zare. Waɗanda za ka riƙe kuma ba dole ka sabunta inda ka saya ba, kana iya ɗauke su zuwa kamfanin da ya fi sauƙi tunda sun wuce kwana 60 da rajista, ka nemi lambar sirrin canja gida su ba ka, kuɗin canjin yana ƙara maka shekara ɗaya a kai. Ka fara tun saura mako biyu ko uku don canjin na ɗaukar kwanaki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina saida atamfa da leshi da turaren wuta, ina aika ma kiliyan har Abijan da Faransa. Wani yaro ne ya yi mini sit shekara uku da suka wuce da sunan butik ɗina, yanzu ya yi tafiya ban da lambarsa, ran nan wata ta kira ni ta ce sit ba ya buɗewa, da ɗiyata ta duba sai ta ga an rubuta wai sunan na sayarwa ne dalar Amurka 1,500. Sunan nan yana kan ledojina da kart ɗina da allon butik. Ta yaya za a saida mini abina? Daga wata Hajiya, kasuwar Wadata, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da wannan abu, wallahi cikin duk saƙonnin naki ya fi tsaya mini a rai don ke ba caca kika shiga ba, sana'arki kike yi. Bari in gaya miki yadda abin ke tafiya don ki san inda kike.

Suna in wa'adinsa ya cika ba ranar yake tafiya ba. Dokar ICANN ta wajabta ma kamfanin rajista ya aika tunatarwa sau biyu kafin ranar, wajen wata ɗaya da wajen mako ɗaya, da wata kuma bayan ranar, amma mel ɗin wanda ya yi rajista ake aika mawa, wato na yaron nan. Bayan ranar akwai ɗan lokaci da bai wuce kwana 45 ba, gwargwadon kamfani, da ake iya sabuntawa da kuɗi kaɗan. In ya wuce sai sunan ya shiga kwana 30 na fansa, nan ma ana iya dawo da shi amma da tara mai nauyi, sau da yawa dala 80 ko fiye. Daga nan kwana 5 da babu mai iya taɓa shi, sai ya faɗi kowa ya iya ɗauka. Akwai kamfanoni irin DropCatch da SnapNames da aikinsu kenan, na'urorinsu na jira, cikin ƙiftawar ido sun cafke duk sunan da ke da ɗan tarihi. Wasu kamfanonin rajistar ma ba sa bari ya kai ga faɗuwa, tun cikin kwanakin farko suke sa shi gwanjo.

To yau ɗin nan ki sa ɗiyarki ta shiga lookup.icann.org ta rubuta sunan. Za ta ga kamfanin da ke riƙe da shi da ranar rajista da ranar ƙarewa. In ta ga an rubuta redemptionPeriod to da saura, sunan bai fita hannun yaron ba, sai a bi ta ƴan uwansa ko abokansa a samo shi ko ta halin ƙaƙa ya shiga kont ɗinsa ya biya, kuma nan take ya mayar da shi kont mai sunanki. In kuwa ranar rajistar sabuwa ce ta watannin nan, ko kuma kamfanin ya canja an ƙara masa shekara, to ya shiga hannun wani.

In ya shiga hannun wani, gaskiya mai ɗaci ita ce a dokar harkar ba sata ya yi ba, abin da aka saki ya ɗauka. Dala 1,500 ɗin nan kuma farashin buɗe baki ne, ke ƴar kasuwa ce kin fi ni sanin wannan. Kada ki rubuta masa da sunan butik kina kuka kina cewa naki ne, farashi zai ƙara. A sa wani ya taya daga mel ɗinsa na kansa, a fara daga ƙasa, dala 100 ko 200, in ya ce albarka a yi shiru kwana biyu, shi ma haya yake biya kuma sunan butik ɗin atamfa na Yamai ba shi da wani mai saye a duniya sai ke. In an daidaita a biya ta cikin kasuwar da aka sa sunan ko ta Escrow.com masu riƙe kuɗi a tsakiya sai kaya ya iso, kada a tura ma mutum kuɗi kai tsaye. In ya ƙi saukowa ki bar masa, ki yi sabon suna kusa da wancan, ki ƙara Niger ko Niamey a ƙarshe, ki sanar da kiliyanki ta WhatsApp, dama yawancinsu can suke samunki.

Abu ɗaya na gaggawa, in kina da mel da ke ƙarewa da wannan sunan, duk wanda ke riƙe da sunan yanzu yana iya karɓar saƙon da aka aiko masa. Ki canja shi a banki da Facebook da duk inda kika taɓa sa shi, yau ba gobe ba.

Kuma ina roƙon masu butik da makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyi da asibitoci, ku je ku duba da sunan wa aka yi rajistar domen ɗinku. Mai haɗa sit ya yi aikinsa a biya shi, amma kont ɗin ya zama naku, mel naku, lambar waya taku, ku biya shekara uku ko biyar gaba ɗaya in da hali. Ba ƙananan mutane kaɗai ke mantawa ba, a ƙarshen 1999 Microsoft bai sabunta passport.com ba har Hotmail ya samu matsala, wani bawan Allah ne ya biya masu dala 35 daga aljihunsa.

TAMBAYA: Malam wani Bature ya rubuto mini ya ce zai sayi domen ɗina dala 15,000 amma sai na kawo takardar kimanta daraja daga wani shafi da ya ba ni, kuɗin takardar dala 90. In biya? Daga wani matashi, Bukoki, Yamai.

AMSA: Kada ka biya ƙanena. Tsohuwar damfara ce, shafin nasu ne, dala 90 ɗin suke so, kana biya mai sayen ya ɓace. Mai saye na gaskiya shi ke tayi, in yana son kimantawa shi zai biya da kansa. Ka ce masa ka sa sunan a Sedo ko Afternic ya je can ya danna ya saya, za ka ga ba zai sake rubutowa ba. Kada kuma ka ba kowa lambar sirrin canja gida kafin mai riƙon tsakiya ya tabbatar maka kuɗi ya shigo.

TAMBAYA: Malam na lura akwai manyan kamfanoni na waje da ba su shigo Nijar ba tukuna, in na kama sunansu na haɗa da Niger ranar da suka zo ai dole su saya hannuna ko? Kuma wani abokina ya ce harkar domen gaba ɗaya haram ce. Daga wani malamin makaranta, Ƙonni.

AMSA: Malam ba dole ba ne, akasin haka ma. Tun 1999 akwai tsarin da ake kira UDRP, duk wanda ya yi rajistar .com ya sa hannu a kansa ko bai karanta ba. Kamfanin zai kai ƙara, yawanci wurin hukumar WIPO mai kare haƙƙin mallakar fasaha da ke Janiba, ya biya dala 1,500, ya nuna abu uku: sunan ya yi kama da tambarinsa, kai ba ka da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ka kama shi kake amfani da shi. Wasiƙar da za ka rubuta masu kana neman su saya ita ce babbar shaidarsu. Cikin wata biyu ko uku an karɓe an ba su, ba a ba ka ko dala. A Amurka ma akwai doka ta 1999 da ke iya cin mutum tarar da ta kai dala 100,000 a kan suna ɗaya. A nan gida kuma tambarin kasuwanci yana da kariya ta hukumar OAPI da ke Yawunde wadda Nijar ke cikinta. Kasuwannin domen ɗin ma da yawa ba sa yarda a sa irin wannan suna.

Maganar halal da haram kuwa ta malamai ce, ka kai masu ita da cikakken bayani, ka gaya masu haya ce ta shekara da ake iya miƙa ma wani. Ni dai a matsayina na ɗan kasuwa ina ganin tazara mai nisa tsakanin wanda ya hango kalma ta kowa da kowa ya kama ya jira mai so, da wanda ya tsare ƙofar gidan wani da sunansa don ya tatse shi. Na biyun ba na ba kowa shawarar ya yi shi ko da doka ba ta hana ba.

TAMBAYA: Tunda .com an kwashe, mi zai hana mu kama kalmomin Hausa ko kuma .ne namu tun da wuri, ko .ai da ake ta magana? Kuma in mutum ya saida ta ina kuɗin ke shigowa? Daga wata ɗaliba, jami'ar Djibo Hamani, Tawa.

AMSA: Ƙanwata tunaninki ya yi kyau. Kalmar Hausa mai kyau da ta shafi abin da ake saye, abinci ko tufafi ko magani ko sufuri, tana iya yin daraja nan gaba don masu jin Hausa miliyoyi ne daga nan har Kano da Kumasi da Sudan, kuma samarinmu na ta buɗe kamfanoni. Matsalar ita ce mai saye yau bai yi yawa ba, ɗan kasuwarmu in kin ce masa jika 300 sai ya ce a bar shi da shafinsa na Facebook. Ga kuma rabuwar rubutu, mu nan kilichi can kilishi, nan Tahoua can Tawa, suna ɗaya ya rabu biyu darajarsa ma ta rabu. In za ki kama irin wannan ki kama wanda ke da kanki za ki iya gina wani abu a kansa, ko ɗan shafin farashin albasar Galmi ne, ta yadda ko mai saye bai zo ba hayar ba ta tafi a banza ba.

Namu .ne, wanda tun asali SONITEL ce ta riƙe shi kafin a haɗe ta da SahelCom a 2016 a yi Niger Telecoms, ina son in ga kamfanoninmu da makarantunmu sun hau kansa, yana nuna kai ɗan gida ne. Amma don a aje a saida, kasuwarsa ba ta yi kauri ba tukuna. Shi .ai na wani ƙaramin tsibiri ne mai suna Anguilla da mutanensa ba su kai dubu ashirin ba, tashen basirar na'ura, wato AI, ya sa a 2023 kaɗai gwamnatinsu ta samu wajen dala miliyan 32 daga gare shi, sai dai rajistarsa shekara biyu ce gaba ɗaya kuma ba ta kasa dala 140, masu kyan an kwashe, ba wurin koyo ba ne. Ki tuna kuma ƙarshen suna na ƙasa dokar ƙasar yake bi. Shekaru da yawa wani kamfani mai suna Freenom yana raba .ml na Mali da .ga na Gabon kyauta, mutane suka gina shafuka a kai, a 2023 ƙasashen biyu suka karɓi abinsu, rabon kyauta ya tsaya, shafuka masu yawa suka mutu.

Kuɗi kuwa, saye da kart Visa ko Mastercard ake yi, irin wanda ake zuba ma kuɗi ya isa kuma shi ya fi, ki zuba daidai abin da za ki kashe. Karɓa ita ce mai ɗan aiki, don waɗannan kasuwannin ba su san Nita ko Amana ko Airtel Money ba, hanyar da ta fi tabbas ita ce a turo ta banki zuwa kont mai sunanki, sunan ya zo daidai da na kan kart dantite ɗinki da na kan kont ɗin domen. Tun kafin ki sa suna kasuwa ki shiga shafin biyan kuɗinsu ki ga Nijar na cikin jerin da suke turo mawa da kuma nawa suke cirewa, sannan ki je bankinki ki tambayi kuɗin karɓar kuɗin waje da takardun da za su nema, ki aje rasit ɗin saye da na saidawa. Sefa a ɗaure take da yuro a 655.957 amma dala hawa da sauka take, don haka in kina sa farashi ki bar ma canji da la'ada da kuɗin banki wuri, in ba haka ba ciniki na dala 200 sai ya iso hannunki bai kai jika 90 ba.